Yadda Muka Yashe Kwatar Layin Goro

Ku samarin da kuke zama bakin shagon ƙanena a Treichville kuna shan shayi, na ji abin da kuka faɗa ranar da ma'aikata suka zo cike ramin nan na gaban kantin magani. Kun ce wannan ba sana'a ba ce, a zuba baƙin abu a rami a tattake. Ban tanka ba, don ba na bayani a tsaye. Yanzu na zauna, kuma zan bi abin daki-daki: yadda na koya, inda aka kai ni, sannan abin da ya same mu a Adjamé.

Aikina na farko shara ce. Na zo Abidjan daga ƙasar Tawa ta Nijar a farkon shekarun casa'in, na sauka unguwar Williamsville a gidan Alhaji Illa, babban mai goro, mutumin garinmu. Ya so ya sa ni a kasuwa, ya gwada ni, ya ga ba ni da bakin ciniki, sai ya nema mini aikin lebura a wani ƙaramin kamfanin gyaran hanya. Shef ɗinmu, wato shugaban leburori, wani tsohon Bamoshe ne daga Burkina, marar yawan magana. Na miƙa hannu ga shebur, ya ba ni tsintsiya. Watanni na yi ina share cikin ramuka, shi kuma yana bi yana shafa tafin hannunsa a ƙasan ramin yana dubawa. In ya ga ƙura, ba ya faɗa, nuna mini tafin kawai yake yi ya wuce.

A hannunsa na koyi jerin aikin. Da farko a sare bakin ramin da diga har ya zama mai kusurwa huɗu, bangonsa a tsaye. Sai a kwashe duk abin da ya ruɓe har a taɓa ƙasa mai ƙarfi. Sai a share, a bari ya bushe. Sai a shafa ruwan kwalta a ƙasa da bango, don sabo ya kama tsoho. Sai a zuba haɗin tsakuwa da kwalta hawa-hawa, kowane hawa a daɓe shi kafin a ƙara wani. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan, motar hayar gbaka ta farko da ta taka birki a wurin za ta tafi da aikinsa a taya. Kayan aikinmu diga ne da shebur da baro da madaɓin ƙarfe mai nauyi, sai wani ƙaramin injin daɓe da ke tashi ranar da ya ga dama.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in, lokacin na zama shef, aka ba kamfaninmu gurbi a wani kwas na kula da hanyoyi a Japan. Injiniyanmu, Musye Kwasi, shi aka nufa, amma masu kwas ɗin sun ce kowane injiniya ya zo da mutumin da ke tsayawa kan lebura. Karatuna bai wuce firamare ba, Faransancina kuma na titi ne, amma akwai tafinta, kuma abin da aka koyar yawancinsa na ido ne. Na ga dattijo mai furfura ya durƙusa a gefen babbar hanya da alli a hannu, yana zagaye wata tsaga da ba ta fi zare kauri ba. Abu huɗu na dawo da su. Na ɗaya, da ƙafa ake duba hanya, ba ta tagar mota ba. Na biyu, ruwa ne ke kashe hanya, mota ƙarasa ta take yi. Na uku, a toshe tsaga tun ba ta zama rami ba. Na huɗu, wanda malamin kwas ɗin ya fi nanatawa: in za ka yashe kwata, ka fara daga ƙasa inda ruwa ke fita, ka hau sama. Wanda ya fara daga sama, ruwa yake tara wa mutanen ƙasa.

A Treichville muka fara gwadawa, wasu layuka kusa da tashar jiragen ruwa. Layukan Treichville miƙaƙƙu ne, kwatocinsu a fili, kana iya bin su da ido. Muka bi tsarin yadda yake: dubawa, yashewa daga bakin lagune, tafkin da ruwan gari ke faɗawa, zuwa sama, toshe tsaga, sannan ramuka. Damina ta zo ta wuce, layukan suna nan. Daga nan ma'aikata suka laƙa mini suna Shef Japon, ni kuma na ɗauka abin da aka koya mana zai zauna a ko'ina.

Sai shekarun rikici suka zo, ƙasa ta rabu biyu. Ku kuna yara lokacin. Shingaye ne a kowace mahaɗa, kuma mai suna irin namu, ko ya fito daga Nijar ko Burkina ko Mali, shi ake fara saukarwa daga gbaka. Mu abin da ke fitar da mu shi ne katin aiki na kamfani da riga mai ruwan lemo. In ka nuna su, a harare ka a ce ka wuce. Baƙon da ba shi da aiki a shekarun nan, ba abinci kaɗai ya rasa ba. Ma'aikatana ba su kai ashirin ba, kuma yawancinsu baƙi ne kamar ni.

Kwangiloli suka ƙafe. Ɗaya ta rage mana, layin da motocin goro ke lodi a bayan kasuwar Adjamé. Mai kamfani ya kira ni da Musye Kwasi ya ce sharaɗin a fili yake. In layin ya fita babbar damina bai karye ba, za a ba mu layukan da ke kewaye da shi, kowa ya ci gaba da aikinsa. In ya karye, zai karɓi katin wasu.

"Tsarin da kuka je kuka koyo ne na sayar musu," in ji shi. "Ku nuna mini ban yi ƙarya ba."

Na bi layin da ƙafa. Gangare ne, daga wajen masallaci ya sauka har babbar magudana da ke ƙarshensa. Kwatarsa guda ce, a hannun dama in kana sauka, kuma ban gan ta ba. Daga sama har ƙasa tebura ne a kanta, an shimfiɗa katako, wasu sun zuba siminti. A sama manyan masu goro suke, Alhaji Illa a kan gaba. A tsakiya matsakaita. A can ƙasa mata masu sayar da ganyen naɗe goro da masu abinci. Na zura sandar ƙarfe tsakanin katako biyu, ba ta shiga tsawon tafin hannu ba ta tsaya. Kwatar ta cika ta daskare. Gefen kwaltar kuwa duk tsaga, kamar bayan kada.

Na yi yadda aka koya mini. Na sa aka rubuta allo da Faransanci, cewa za a yi aiki, kowa ya janye teburinsa. Na jera robobin nan masu tsini da ake tare hanya da su. Kashegari na tarar da allon a kan wasu duwatsu, mai tsire yana yanka nama a kai. Robobin babu ko ɗaya. Daga baya na ga guda a hannun wata mai shinkafa, ta yanke tsinin tana ɗura buhu da ita. Babu teburin da ya motsa.

Musye Kwasi ya ce hanya ɗaya ta rage a takarda, a nemi meri, wato hukumar gari, ta turo 'yan sanda da katafila. Bai faɗa da daɗin rai ba. Ni da shi mun san abin da ake nufi da shigo da masu bindiga layin Hausawa a wannan shekarar. Na roƙe shi ya ba ni 'yan kwanaki.

Na je wurin Alhaji Illa bayan la'asar, na cire takalmi, na durƙusa gefen tabarmarsa. Ya bar ni na gama gaisuwa, ya sallami wani mai saye, sannan ya dube ni.

"Idi, ashe yanzu da allo kake mini magana."

"Baba Alhaji, allon na kowa da kowa ne."

"Ni kowa da kowa ne? Da ka sauko daga mota da ƙullin kayanka, allo na aika ya tarye ka?"

Ya ɓare goro ya ba ni rabi. Na yi masa bayanin ruwa da kwata da hanya, na ce in layin ya mutu, manyan motoci ba za su shigo ba, lodi ya koma wani wuri.

"Wannan na sani tun kana tsotson yatsa," ya ce. "Kai ne ba ka san kasuwa ba, shi ya sa na kai ka wajen masu diga. A Adjamé, wanda ya ɗaga teburinsa ya bar wuri ya sha iska, wurin ya zama na mai rabo. Kafin azahar wani ya kafa nasa. Kuma sau nawa aka ce mana ku matsa za a yi gyara? Je ka tambayi waɗanda suka matsa inda suke yau."

Sai da na yi ta zuwa kafin ya yanke magana, kuma sharuɗɗa ya kafa. Tebur ba zai bar layin ba, za a matsar da shi ne kan titi daidai wurinsa, mai shi na zaune a kai yana ciniki. Ba za a buɗe fiye da abin da za a rufe a yini ba, kowane tebur ya koma mazauninsa kafin kiran magariba. Waɗannan na karɓa da sauri, don tebur da mai shi a kan titi ya fi duk wata roba tare hanya. Sai ya ƙara na uku.

"Da nawa za a fara."

"Ranka ya daɗe, daga ƙasa ake farawa. In na buɗe sama, ruwa zai sauko da gudu ya tarar da ƙasa a toshe."

"Je ka ce wa matan can su fara ɗagawa, ka gani. Za su ce an fara da marasa gata, manya na kallo. Ko ni na ce su ɗaga ba za su yi ba, kuma ba zan ce ba. Amma in suka ga teburin Illa a tsakiyar titi da safe, suka gan shi a wurinsa da magariba, na kusa da ni zai yarda, na kusa da shi ma haka. A nan, ɗana, abu daga sama yake sauka."

"Ruwa ma haka, Baba Alhaji."

"To ka riga shi isa."

Na kai wa Musye Kwasi maganar. Ya daɗe yana kallon zanen layin.

"Shef, ka san malaminmu na Japan zai kore mu daga aji in ya ji wannan."

"Na sani, Musye."

"In ruwa ya jira mu, mun ci. In bai jira ba, duk abin da muka buɗe a sama zai zama bindiga a kan mutanen ƙasa." Ya naɗe zanen. "Ba zan kira katafila ba. Mu fara. In an tambaya, ni da kai muka yanke."

Teburin Alhaji Illa muka ɗaga da sassafe, kasuwa duk ta tsaya kallo. Ya zauna a tsakiyar titi kan kujerarsa, huhunan goro kewaye da shi, direbobin gbaka suna leƙowa su ga ko wane ne, su juya ba ko hon. Muka ɓamɓare katakon. Abin da ke ciki ganyen goro ne da leda da tsummokaran buhu da yashi, sun haɗu sun zama kamar bulo, sai da diga. Wanda ya fara shiga wani Bamoshe ne mai suna Salfo, bai daɗe da shigowa kamfanin ba, amma ba ni da mai hannu kamarsa. Tsarin yini kuwa ga shi: a matsar da tebur, a buɗe, a sare, a kwashe a baro, a gyara bangon kwatar, a ɗora murafun siminti masu hannun ƙarfe waɗanda mutum biyu za su iya ɗagawa, a mayar da tebur. Yayin da wasu ke cikin kwata, wasu na toshe tsagogin titin da ke daidai wurin. Kafin ladan ya buɗe baki, Alhaji yana mazauninsa. Na kusa da shi ya ce gobe nasa.

Tebur uku ko huɗu muke yi a yini, ba ƙari. Wata rana siminti ya makale a shinge. Wata rana aka tsare mini mutum biyu a hanyar Abobo har azahar. Wani mai goro ya yi tafiya, yaransa suka ce ba mai taɓa teburin sai ya dawo, kuma ba a tsallake shi, don na gaba ya ce ba zai riga maƙwabcinsa ba. Kowace safiya kafin in duba ma'aikata sai na duba sama ta wajen teku. Zafi ya yi nauyi, irin wanda riga ke manne wa mutum tun hantsi. An yi yayyafi sau biyu, na tsaya a tsakiyar layin ina kallon ruwan yana gudu a sabuwar kwata, ya zo inda muka tsaya ya taru, ya kumbura, sannan ya lafa. Kowane tebur da muka gama, ruwan da zai taru a ƙasa ƙaruwa yake yi.

A can ƙarshe akwai wata mai ganye, Tanti Akisi, teburinta ne na ƙarshe kafin babbar magudana. Kullum na sauka auna abin da ya rage sai ta tare ni.

"Shef Japon, yaushe za ka iso wurin talakawa?"

"Tanti, in kin yarda gobe ma sai in buɗe naki."

"Ni in fara? Wannan na gabana bai ɗaga ba, ni in ɗaga? Ka ga alamar uwata ta haifi wawiya? Bi layi, ɗan'uwana. A Japon ba a bin layi?"

Na gwada na kusa da ita, na gwada mai abincin da ke sama da su. Amsa ɗaya ce. Kowa ya yarda a yi, ba mai yarda ya riga na samansa.

Saura tebura kaɗan, abin da bai wuce aikin kwana biyu ko uku ba, ruwan ya zo. Da rana tsaka ne, muna cikin kwata. Sama ta yi baƙi ta wajen unguwar Plateau, iska ta ɗaga ledoji, sai ya sauko gaba ɗaya. Na ce kowa ya fito. Na gangara da gudu. Ruwan layin duka, da na rufin masallaci, da na lungunan da ke zubowa ciki, ya bi kwatar da muka share masa ya daki toshiyar. Katakon da ke ƙarƙashin teburan ƙarshe ya ɗaga. Ruwa ya fito ta ko'ina, ya haye titi, ya fara cin gefen kwalta, inda ba mu kai ga toshe tsaga ba.

A ranar babu wanda ya yi maganar layi. Matan da kansu suka ja teburansu, masu tura wotoro, amalanken kaya, suka kama musu. Tanti Akisi tana tsaye ruwa har gwiwa, ganyenta na tafiya, tana nuna mana inda bakin magudanar yake. Salfo ya ɗaura igiya a ƙugu, mutum uku suka riƙe, ya shiga da sandar ƙarfe yana soka toshiyar ta ƙasa. Na hana a ƙara ko mutum ɗaya. Ya daɗe yana soka. Da toshiyar ta ɓalle, ƙarar ta fi ta injin, muka fizgo shi ya fito ba takalmi. Ruwan ya faɗa magudana, titi ya fara bayyana. Kafin magariba teburan matan suna wurarensu, Alhaji Illa ya aiko mutanensa suka tsaya har aka mayar da na ƙarshe.

Da safe na bi layin da ƙafa daga masallaci. Sama lafiya, tsakiya lafiya, ko tsakuwa ba ta tashi ba. A ƙasa, gefen titin ya zauna, tsawon babbar mota guda. Na taka, ya motsa ƙarƙashin ƙafata kamar katifa. Ruwa ya shiga ƙarƙashi ya kwashe ƙasar. Irin wannan ba a like shi, sai an tone har gindi an sake ginawa, kuma ba a yin haka cikin damina. Muka gama kwatar a kwanakin da suka biyo, muka cike wurin da duwatsu don motoci su samu wucewa. Sauran daminar, wadda ta yi ƙarfi sosai a shekarar, ruwa bai ƙara hawa layin ba.

Da damina ta ɗauke, mai duba aiki ya zo daga ofishin da ya ba da kwangilar. Musye Kwasi ya sa shi ya sauka daga mota, suka taka tare, ina biye. Ya tsaya a wurin da ya zauna ya tambayi dalili. Musye Kwasi ya gaya masa yadda aka yi, bai rage ba, ya ce shi ya amince a fara daga sama. Mutumin ya ce ya ga layukan da ke kewaye, ya san yadda damina ta bar su, kuma wannan ya fi su nesa ba kusa ba. Amma sharaɗi ya ce kada ya karye, ga shi ya karye. Abin da ya iya yi shi ne ya bar mana layin goro mu ci gaba da kula da shi. Sauran layukan aka ba wasu.

Layi ɗaya ba ya ciyar da mutanen da nake da su. Mai kamfani ya bi ƙa'idarsa, waɗanda suka shigo daga baya su ne za su fara fita. Na je na yi magana a kan Salfo, Musye Kwasi ma ya yi. Ya ce in ya tsallake mutum ɗaya, sauran za su ce an yi son kai, kuma ni da kaina na san amfanin bin jeri.

Ni aka ba aikin karɓar katunan. Salfo ya zo na ƙarshe, ya riga ya yanke shawarar komawa Burkina, don ya ce ba zai iya bin shingayen Abobo hannu wofi ba. Ya ajiye katin a kan baro, ya tsaya.

"Shef, da mun fara daga ƙasa fa?"

"Da ba mu fara ba sam."

Ya jinjina kai. Ya ce in gaya wa wanda zai riƙa shiga kwatar ya kula da murfi na biyu daga magudana, hannun ƙarfensa ya lanƙwashe, yana kama yatsa. Na ce zan gaya masa. Ya gangara ya gaida Tanti Akisi, ya bi ta tashar mota.